Rosemary ta faɗi ciwonta, likita ya kira mijinta

Dab da ƙarshen fim ɗin Rosemary's Baby, wata mata mai tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe, ta gudo daga gidanta da 'yar jaka a hannu cikin tsananin zafin watan Yuni a birnin New York. Ta shige ɗan ɗakin wayar tarho na bakin titi, gumi na keto mata, ta roƙi wani matashin likita mai suna Dakta Hill ya ba ta ko da minti kaɗan ne. Ya ce ta zo. Ta zauna gabansa ta zayyana masa komai: maƙwabtanta matsafa ne, likitan da ke duba ta nasu ne, mijinta ma ya bi sahunsu, kuma abin da ke cikinta suke hari. Ya saurare ta har ta kai aya, ya nuna mata ya gamsu, ya ce zai nema mata gado a asibiti. Ya kai ta wani ɗaki ya ce ta ɗan kishingiɗa. Rabonta da sakin jiki an yi watanni, nan take barci ya kwashe ta. Da aka turo ƙofa, sai ga mijinta tare da likitan da ta gudo wa. Dakta Hill ne ya ɗaga waya ya kira su.

Shi Dakta Hill ba matsafi ba ne. Ba shi da hannu a makircin, ba a ba shi ko sisi ba, kuma ba ya nufin matar da sharri. Ya ga mai ciki tana rawar murya tana zancen mayu, sai ya auna maganarta da sunan babban likitan da take zargi, ya ga wanda ya fi nauyi a idonsa, ya mayar da ita hannun maigidanta. A ganina duk tsoron da ke cikin fim ɗin nan bai kai na wannan wayar ba, kuma saboda ita nake ganin fim ɗin da aka yi shekara hamsin da ɗoriya a wata ƙasa mai nisa ya cancanci mu tsaya mu yi magana a kansa.

Fim ne na Amurka da ya fito a 1968. Roman Polanski ne ya ba da umarni, daga littafin da Ira Levin ya wallafa a 1967. Mia Farrow ce ta fito a matsayin Rosemary Woodhouse, John Cassavetes ya fito a mijinta Guy, sai Ruth Gordon da ta fito a tsohuwar maƙwabciyarsu Minnie Castevet, rawar da ta ba ta kyautar Oscar. An kashe kimanin dala miliyan 3 wajen yin sa, ya dawo da sama da miliyan 30. Hukumar cocin Katolika mai tace fina-finai a Amurka ta yi tir da shi a lokacin, amma a 2014 ɗakin karatun majalisar dokokin ƙasar ya sa shi cikin fina-finan da ake adanawa don tarihi. In faɗa tun da wuri, akwai tsiraici a wani wuri a cikinsa, ba na yara ba ne, kuma ba ina kiran kowa ya je ya nema ba ne. Tsarin aƙidar da aka gina labarin a kai ma na Kiristanci ne aka juya: mace ta haifi ɗan Shaiɗan kamar yadda Nana Maryamu ta haifi Annabi Isa. Musulmi bai yarda Shaiɗan yana da irin wannan iko ba. Abin da ya dame ni shi ne mutanen da ke cikin labarin, su kuwa na san irinsu.

Ma'aurata ne matasa suka kama haya a wani tsohon bene mai suna Bramford. A zahiri ginin Dakota ne aka ɗauka, wanda ke gefen Central Park, inda daga baya aka harbe mawaƙi John Lennon a bakin ƙofa a 1980. Wani dattijon abokinsu, Hutch, ya gargaɗe su cewa gidan yana da mummunan tarihi, suka yi dariya suka tare. Guy ɗan wasan kwaikwayo ne da harka ba ta buɗe masa ba, 'yan tallace-tallacen talabijin yake yi. Rosemary kuwa burinta ɗaya, ta haihu. A bayan bangonsu akwai tsofaffi biyu, Minnie da mijinta Roman.

Yadda aka zana Minnie ne ya nuna mini masu fim ɗin sun san mutane. Babu ƙaho, babu jan ido, babu baƙin mayafi. Tsohuwa ce mai surutu da kwalliyar da ta wuce shekarunta, mai shigowa ba sallama ta tambayi kuɗin kujera, mai kawo girki a kwano, mai cewa ki zauna ki huta ni zan je miki kasuwa. Kowace unguwa tana da irinta, kuma galibinsu alheri ne ke kawo su. Da wannan alherin aka ɗaure Rosemary. An ba ta wata laya ta azurfa a sarƙa, cike da wata saiwa mai wari, aka ce ta sa'a ce. Ta cire ta jefa a durowa, mijinta ya ce tunda ta karɓa ai sai ta sa. A daren da suka shirya neman haihuwa, Minnie ta aiko da kayan zaƙi na cakulan. Rosemary ta ɗanɗana ta ce tana jin wani ɗanɗano kamar alli a ƙasan harshe. Guy ya ce babu wani ɗanɗano, tsohuwa ta sha wahala ta yi, ta daure ta cinye. Ta faki idonsa ta juye sauran a tsumma. Don haka maganin bai gama kashe mata jiki ba, ta riƙa ganin abin da ake yi da ita kamar a mafarki.

Da safe ta tashi da yaƙushi a jikinta. Abin da mijin ya faɗa mata ya kamata ya tayar wa kowane mai aure tsigar jiki: wai ta bugu ta sume, shi kuma bai so daren ya wuce ba, sai ya kusance ta a haka. Ƙarya yake yi don ya rufe abin da ya fi wannan muni, amma a dubi irin ƙaryar da ya zaɓa. Ya zaɓe ta ne saboda ya san babu wanda zai kama shi da laifi a kanta. A 1968 babu jihar Amurka ko ɗaya da dokarta ta ɗauki tilasta wa matar aure a matsayin fyaɗe idan mijinta ne ya yi, sai a 1993 ne jihohi 50 ɗin suka gama shigar da shi cikin laifuka. Rosemary ta ɓata rai, ta ce ai da ya jira safiya, sannan ta haɗiye. Daga wannan haɗiyewar duk sauran suka biyo.

Da ciki ya tabbata, Dakta Hill ɗin nan ne likitanta na farko, wata ƙawarta ce ta haɗa su. Tsofaffin suka ce ina, ai ga babban likitan mata, Dakta Sapirstein, amininsu ne, manyan gari yake dubawa, za su sa ya rage mata kuɗi. Ranar farko ya kafa mata dokoki. Kada ta karanta littattafan masu ciki. Kada ta saurari ƙawayenta, domin kowane ciki da irin nasa. Kada ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da kuzari, Minnie za ta riƙa haɗa mata wani tsimi na ganyaye kullum. Duk wata tambaya shi kaɗai za ta kawo wa. Cikin zama ɗaya ya toshe duk wata kafa da wata murya za ta iya shigo mata, kuma ya yi haka ne da fara'a, kamar uba.

Sai ciwo ya zo. Ciwon mara mai tsanani, tun watan Nuwamba har aka shiga sabuwar shekara. Mai ciki da ya kamata ta yi ƙiba sai ramewa take, ido ya faɗa, fuska ta yi fari fat, tana cin hanta ɗanya a tsaye a ɗakin girki. Duk sanda ta koma wurin likita amsa ɗaya ce, zai daina nan da kwana biyu. Hutch ya zo ya gan ta ya firgita, ya fara bincike, kafin su sake haɗuwa ya faɗi ya sume, ya yi watanni a haka, daga baya ya mutu.

Wurin da na fi so a fim ɗin gajere ne. Rosemary ta dage sai ta haɗa walima ta gayyaci ƙawayenta na da, ta ce babu tsoho ko ɗaya da zai shigo. Ana cikin hidima kuka ya ƙwace mata. Ƙawaye uku suka ja ta ɗakin girki, suka rufe ƙofa, Guy ya zo zai shiga suka hana shi. Suka tambaye ta tun yaushe take jin ciwon. Da ta faɗa, suka ce wannan ba daidai ba ne, ciwo irin wannan jiki ne ke sanar da ke akwai matsala, ki je ki ga wani likitan. Ba su san komai game da tsafi ba, ba su da takardar likitanci. Kallonta kawai suka yi suka yarda da abin da ta ce. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Da baƙi suka watse, Guy ya hau faɗa, ya zagi ƙawayen, ya ce ganin wani likita rashin adalci ne ga Sapirstein kuma shi ba zai biya kuɗi biyu ba. Matarsa na murƙususu a gabansa, shi mutuncin likita yake karewa.

Shi ya sa nake ganin mugun fim ɗin na ainihi Guy ne. Su tsofaffin aƙidarsu suke bi, komai muninta. Shi kuwa ciniki ya yi. Wani ɗan wasa da ya riga shi samun wata babbar rawa ya wayi gari ya makance, aka kira Guy aka ba shi. Farashin shi ne jikin matarsa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma babu maƙwabcin da zai iya zuba wa mace magani a abinci wata da watanni in wanda ke kwana da ita bai buɗe ƙofa ba. A ƙarshe, bayan an yi mata allurar barci ta haihu, an ce mata jaririn ya mutu, ana tatsar nononta ana kaiwa bayan bango, ta ɗauki wuƙa ta bi ta cikin kabad ta iske su kewaye da baƙin gadon jariri. Guy ya matso yana lallashi, wai an yi masa alkawarin ba za a cutar da ita ba, kuma ai ba a cutar da ita ba, ta ɗauka kamar ta haihu ne ɗan ya koma, ga kuma abin da za su samu. Ta tofa masa yawu a fuska. Ba a taɓa nuna fuskar jaririn ba, kuma ba a bukata, domin an riga an nuna ta uban gida.

Wani zai ce ai labari ne, kuma na wancan zamani. Gaskiya ne zamanin yana ciki dumu-dumu. Daren da aka yi cikin ya dace da ranar da Fafaroma Paul na shida ya ziyarci New York, 4 ga Oktoban 1965, haihuwar kuma ta faɗo a Yunin 1966, wata na shida a shekara ta 66, wato 666, lambar da Kiristoci ke dangantawa da Shaiɗan. A ɗakin jiran likita Rosemary ta ɗauki mujallar Time ta Afrilun 1966, wadda bangonta ke tambaya ko Ubangiji ya mutu, wa'iyazubillahi. Matan da suka shiga silima a 1968 kuma ba su manta da thalidomide ba, ƙwayar da aka riƙa ba masu ciki a Turai da wasu ƙasashe daga ƙarshen shekarun 1950 don tashin zuciya da rashin barci, aka ce ba ta da illa, har sai da aka haifi jarirai sama da dubu goma da naƙasa, da yawansu babu cikakkun hannuwa ko ƙafafu. Amurka ta tsira daga mafi munin abin ne saboda wata likita a hukumar kula da magunguna, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu a sayar da ita. Mace mai ciki da ke tsoron abin da ake ɗura mata a lokacin tana da hujja.

Amma abin bai tsaya a wancan zamani ba. A 2017 Serena Williams, wadda duniya ta sani a wasan tanis, ta haihu ta hanyar tiyata. Washegari numfashinta ya fara sarƙewa. Ta taɓa yin ciwon daskarewar jini a huhu, ta san alamarsa, ta gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa a yi mata hoton ƙirji a ba ta maganin tsinka jini. Ita da kanta ta ba da labarin cewa an zaci maganin kashe zafi ne ya ruɗa ta. Ta dage, aka yi hoton, aka ga gudajin jini a huhunta. Idan mace mai wannan suna da wannan dukiya sai ta yi jayayya kafin a yarda da abin da take ji a jikinta, ina ga wadda ko kuɗin mota sai ta roƙa?

A nan ne maganar ta iso gida. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata kusan 287,000 ne suka mutu a duniya a 2020 sanadin ciki da haihuwa, kimanin 82,000 daga cikinsu a Najeriya, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Kowa ya san Arewa ce ke ɗauke da kaso mafi nauyi. Masu nazarin lafiyar mata sun daɗe suna maganar jinkiri iri uku da ke kashe mai ciki: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku laifin hanya ne da mota da gwamnati, kuma muna da bakin zaginsu. Na farkon kuwa a tsakar gida yake faruwa. Mun raini 'ya'yanmu mata a kan cewa mai cikin fari ba ta faɗin ciki, ba ta raki, ko naƙuda ta zo ta cije. Sannan in ta karya kunyar ta faɗa, sai mu ce laulayi ne, kowa da haka ta haihu. Akwai maganin zaƙi da ake dafa mata, akwai jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san adadin abin da ke ciki, akwai izinin fita da sai maigida ya dawo. Babu matsafi ko ɗaya a cikin masu yin haka. Iyaye ne da surukai da mazaje masu son ta. Alƙur'ani ya ce uwa tana ɗaukar ɗa cikin rauni a kan rauni, mu kuma mun mayar da raunin abin da ba a son ji.

Sai dai akwai wani darasi da mai kallo zai iya ɗauka daga fim ɗin nan wanda nake tsoro ƙwarai, musamman a wurinmu. A labarin, zargin Rosemary ya tabbata. Tsohuwar maƙwabciya mai kawo abinci da gaske matsafiya ce. Wanda ya riga ya saba da zancen maita zai tashi daga kallo yana cewa ka gani ko, dama na faɗa. Mun kuwa san abin da wannan zance yake haifarwa. Yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci sunan wata tsohuwa cikin magagi, ko mace ta yi ɓari sau biyu a tuna wadda ta taɓa shafa mata ciki, sai a taru a ce an kama kurwa, a tilasta wa baiwar Allah ta tsallake marar lafiya, a yi mata tsirara, wani lokaci a kashe ta. Kusan kullum wadda ake nunawa tsohuwa ce, matalauciya, wadda ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata.

Amurka ma ta ɗanɗana irin wannan. A shekarun 1980 tsoron masu bautar Shaiɗan ya mamaye ƙasar, aka riƙa zargin malaman makarantun renon yara da yanka da tsafi. Shari'ar makarantar McMartin a California ta faro daga zargin da aka yi a 1983, ba a rufe ta ba sai 1990, an kashe kusan dala miliyan 15, ɗaya daga cikin waɗanda ake tuhuma ya yi shekara biyar a tsare, kuma ba a samu kowa da laifi ba. Shi kansa Ira Levin ya faɗa daga baya cewa bai yarda da Shaiɗan ba, kuma yana jin nauyin yadda littafinsa ya buɗe ƙofa ga fina-finan da suka ƙara cusa wa mutane wannan tsoro. Ni na yarda akwai Shaiɗan, na yarda akwai sihiri, ina karanta Falaƙi da Nasi safe da yamma. Amma Littafin da ya koya mini neman tsari shi ne ya ce sashen zato zunubi ne. Neman tsari tsakanina da Ubangijina ne, ba ya bukatar in nuna gidan kowa da yatsa.

To yaya za a haɗa biyun, a saurari mai ciki kuma kada a ƙone maƙwabciya? A koma ofishin Dakta Hill. Ba a nemi ya yarda akwai mayu a Bramford ba. Abin da ke gabansa mace ce a firgice, ta ce ba ta amince da likitanta ba, ba ta amince da mijinta ba, tana so ta haihu a asibiti inda baƙin ido za su kula da ita. Ko da duk zancen tsafin ruɗu ne, ko da ƙwaƙwalwarta ce ta taɓu, maganin ɗaya ne, a kwantar da ita a duba ta. Da ya yi haka da ya cece ta ba tare da ya zargi kowa ba. Haka abin yake a gidajenmu. Idan mai ciki ta ce ana bin ta, ko an yi mata asiri, ko tana jin za ta mutu, ba sai an yarda da fassararta ba kafin a yarda cewa wani abu yana damunta. A auna jininta, a duba fitsarinta, a bar wadda ta amince da ita ta zauna kusa da ita. Mu kuwa mun iya abu biyu ne kawai, ko mu ce raki ne mu share, ko mu ce maita ce mu ɗauki sanda. A duka biyun ita mai cikin tana nan kwance ba wanda ya taɓa goshinta.

Ba zan wuce ba tare da na ambaci wanda ya yi fim ɗin ba, domin shiru a nan rashin gaskiya ne. Shekara ɗaya bayan fitowarsa, a Agustan 1969, mabiyan Charles Manson, shugaban wata ƙungiyar asiri, suka kashe matar Polanski, Sharon Tate, tana da ciki wata takwas da rabi. Wannan musiba ce da ta same shi. Amma a 1977 shi da kansa ya amsa laifin yin lalata da yarinya 'yar shekara 13, ya tsere daga Amurka zuwa Faransa a 1978 kafin a yanke masa hukunci, bai koma ba har yau. Mutumin da ya nuna wa duniya dalla-dalla yadda ake gusar wa mace hankali a yi amfani da jikinta, shi ne ya je ya aikata makamancinsa ga ƙaramar yarinya. Kyawun aikinsa bai wanke shi ba, kuma manyan masu fim da suka yi shekaru suna kare shi saboda sunansa sun yi abin da Dakta Hill ya yi ne, sun auna babban mutum da ƙaramar murya.

Ina da dalilin da ya sa wayar nan ta tsaya mini a rai. Shekarun baya ƙanwata tana da cikin fari, wata takwas, ta kira ni da yamma bayan la'asar. Muryarta ƙasa-ƙasa, don kada a ji ta a tsakar gida.

"Yaya, kaina ke sarawa kamar zai tsage. Kwana uku ke nan. Kuma dishi-dishi nake gani."

Na ce ta gaya wa maigidanta? Ta ce ta gaya masa, ya ce ranar Talata ce awo, ta bari sai ranar. Na ce Hajiya fa, uwar mijin? Ta ce Hajiya ta duba ƙafafunta da suka kumbura har takalmi ba ya shiga, ta ce haka cikin fari yake, wataƙila ma namiji ne.

"To ki yi haƙuri," na ce mata. "Ki sha farasitamol ki kwanta. Bari in kira shi."

Na kira shi. Mutumin kirki ne, har gobe ina ganin girmansa. Ya yi dariya ya ce Yaya kada ka damu, ka san ta da raki, yanzu ma ta ci tuwo. Na ji sanyi a raina, na ajiye waya, na tafi masallaci. Ban san cewa ciwon kai mai tsanani da kumburi da gani dishi-dishi a ƙarshen ciki alamun hawan jini ne mai kai wa ga jijjiga ba. Amma ko ban sani ba, ita ta faɗa mini da bakinta, ni kuma na nemi tabbaci a bakin wani.

Cikin dare ta fara jijjiga, ta tauna harshenta. Aka ce iska ce, aka kawo garwashi aka yi hayaƙi, aka yi ta tofi, wata ma har ta fara lissafin wanda ya shigo gidan a makon. Sai wajen asuba aka samu mota. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mata abin awon jini, ta dubi lambar, ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ba ta ce komai ba. Aka yi mata allurar da ke tsayar da jijjiga, aka shiga da ita tiyata. Ita ta rayu. Ɗan namiji ne kamar yadda Hajiya ta ce, mun binne shi kafin azahar.

Ta sake haihuwa sau biyu tun daga lokacin, lafiya lau, kuma kowane ciki ni nake kai ta awo in mijin ba ya gari. Ba mu taɓa zama mun yi zancen wayar nan ba. Sau ɗaya ne kawai, tana wankan jego a gidanmu ba jariri a hannu, na shiga gaishe ta na tarar da ita zaune bakin gado tana ninke kayan da ta saya masa. Na ce mata sannu, Allah ya sa mai ceto ne. Ta ce amin. Ta ci gaba da ninkewa, ba ta ɗago ba, sannan ta ce, "Yaya, ai na faɗa muku."